Muryar Aji da Muryar Bariki: Yadda Shugabannin Najeriya Suka Yi Mana Magana

Daga ranar 1 ga Oktoban 1960 zuwa yau, mutum 14 ne suka riƙe ragamar gwamnatin Najeriya. In muka bi sana'ar da kowannensu ya fito daga cikinta, takwas sojoji ne: Ironsi, Gowon, Murtala, Obasanjo, Buhari, Babangida, Abacha da Abdulsalami. Huɗu malaman makaranta ne: Tafawa Ɓalewa, Shagari, 'Yar'aduwa da Jonathan. Biyun da suka rage, Shonekan da Tinubu, daga harkar kamfani suka fito. Ke nan mutum 12 cikin 14 sun koyi tsayawa gaban jama'a su yi magana ne a ɗayan wurare biyu, ko dai gaban allo ko kuma filin fareti.

Wuraren nan biyu kowanne da irin maganar da yake koyarwa. Malami yana magana ne domin a gane. In ya dubi fuskokin ɗalibai ya ga ba su fahimta ba, sai ya koma baya, ya kawo misali, ya maimaita, kuma dole ya bar ƙofar tambaya a buɗe. Hafsan soja kuwa domin a aikata yake magana. Jimlarsa gajeriya ce, ba ta ɗauke da “saboda”, wanda kuma ya ɗaga hannu zai yi tambaya ya nemi gwale-gwale da kansa. A Hausa kowace da sunanta, ta farko bayani, ta biyu shela. Sanƙira in ya zagaya gari da saƙon fada ba ya tsayawa a tambaye shi dalili.

Duk wanda ya bi jawaban shugabanninmu ɗaya bayan ɗaya zai ga yadda shela ta yi ta danne bayani, har ta kai soja ya koma bariki a 1999 amma ya bar muryarsa a fadar gwamnati. Wannan magana ta wuce batun daɗin baki. Sau da yawa yadda aka faɗi hukunci ya taɓa aikin mutane da aljihunsu daidai da yadda hukuncin kansa ya taɓa su.

Malamin Bauchi

Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa Firayim Minista ne, amma gwamnati a hannunsa take, kuma da muryarsa duniya ta fara jin Najeriya. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, makarantar da ta yi suna wajen tsananta wa ɗalibai kan furucin Ingilishi, sannan ya koma ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. Hotunan jawabansa suna nan a intanet ga mai son gani, kamar wanda ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoban 1960, ranar da Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a zauren, da wanda ya yi a majalisar dokokin Amurka a watan Yulin 1961. Murya ce mai kauri da zurfi, a hankali take tafiya, kowace kalma sai ta gama fita kafin 'yar uwarta ta biyo baya. Ba ya wurgi da hannu, ba ya bugun tebur. In ya kai gaɓar da yake son a riƙe sai ya ɗan dakata, kamar malamin da ke jiran ɗalibai su gama kwafa daga allo. Shi ya sa aka yi masa laƙabi da Mai Muryar Zinariya.

Sanyin muryar bai hana ta yanka ba. A watan Agustan 1950, a majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna, wannan malamin ne ya miƙe ya kawo ƙudurin a kafa kwamiti ya binciki tsarin mulkin En'e, a lokacin da taɓa ikon sarakuna ba ƙaramin abu ba ne. Da hujjoji ya bi, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ɗaga murya ba, kuma jawabin yana cikin abubuwan da suka kai ga gyare-gyaren da aka yi wa En'e a shekarun da suka biyo baya.

Mutumin da ya fara amsa sunan Shugaban Ƙasa, daga 1 ga Oktoban 1963, shi ne Dakta Nnamdi Azikiwe, kuma salonsa daban ne. A Amurka ya yi karatu, ya dawo ya kafa jaridar West African Pilot a 1937. Gwanin dandamali ne, mai son manyan kalmomi da dogayen jimloli, irin waɗanda taro ke yi wa tafi ko da rabin mutanen wurin ba su san ma'anarsu ba. Sai dai kujerar da ya hau ta girmamawa ce kawai, ba ta zartar da komai. Saboda haka a Jamhuriya ta Farko, mai ikon zartarwa yana magana a natse, mai tsawa a bakinsa kuma ba shi da ikon.

Natsuwar Ɓalewa ta gamu da iyakarta a ƙarshen 1965. Bayan zaɓen Jihar Yamma na watan Oktoba, ana ƙone-ƙone da kashe-kashe a can, shi kuwa a watan Janairun 1966 yana karɓar baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas, ana tattauna rikicin Rodeshiya. Muryar da a da ake ji a matsayin dattako, sai wasu suka fara jin ta a matsayin ko-in-kula. Daga nan ne aka fara haɗa magana a hankali da rauni, kuma wannan zato bai rabu da siyasarmu ba har yau.

Kiɗan soja a rediyo

Ranar 15 ga Janairun 1966, sa'o'i kaɗan bayan kisan Sardauna, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi magana ta gidan rediyon Kaduna. Ya ayyana dokar soja a lardunan Arewa, ya lissafa laifuffukan da hukuncinsu kisa ne, har da wawaso da cin hanci, ya kuma ce abokan gabarsu su ne masu neman kashi 10 cikin 100 a kwangila. Juyin mulkin nasa bai kai gaci ba, amma ya bar wani tsarin magana da aka yi ta bi har shekara kusan 30. Da farko kiɗan soja ne zai katse shirye-shirye. Sai wata murya da ba a saba ji ba ta faɗi muƙaminta da sunanta, ta jera laifuffukan gwamnatin da aka kifar, ta rushe abin da za ta rushe, ta rufe iyakoki da filayen jiragen sama, ta sa dokar hana fita, ta ce kowa ya tsaya kusa da rediyonsa. Duk wanda ya yi wayo kafin 1993 ya san yadda gida ke yin tsit in aka ji wannan kiɗan da asuba.

Farashin shela bai daɗe ba ya bayyana. Ranar 24 ga Mayun 1966 Janar Aguiyi-Ironsi ya sanar ta rediyo da Doka ta 34, wadda ta rushe jihohi ta mai da ƙasa dunƙulalliya a ƙarƙashin gwamnati ɗaya da aikin gwamnati ɗaya. Maganar da ta shafi makomar kowane ma'aikaci a Arewa, aka faɗe ta kamar odar fareti, alhali kwamitocin da aka kafa kan batun ba su gama aiki ba. Cikin kwana biyar tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Yakubu Gowon, wanda ya karɓi mulki yana ɗan shekara 31, soja ne mai wata murya dabam. Ɗan mai wa'azin Kirista ne da ya tashi a Wusasa ta Zariya, kuma ana jin haka a bakinsa: lallashi, roƙo, ambaton Allah, da dogon zance. Wannan muryar ta yi rana a watan Janairun 1970, lokacin da aka gama yaƙin basasa, ya ce babu wanda ya ci nasara kuma babu wanda aka ci. In da da tsawa aka rufe wannan yaƙin, da wuya sojojin da suka yi wata 30 suna faɗa su ajiye ramuwa. Amma da wannan muryar ce kuma ya shaida wa ƙasa ranar 1 ga Oktoban 1974 cewa alƙawarin miƙa mulki a 1976 ba zai yiwu ba, bai kuma sa wata rana ba. Lallashin da ya yi magani a 1970 sai ya koma jan ƙafa a kunnen mutane. Ranar 29 ga Yulin 1975, yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, Kanar Joe Garba ya yi shelar kifar da shi.

Kwana 200 na “nan take”

Abin lura shi ne, Ɓalewa da Shagari da Gowon da Murtala da 'Yar'aduwa duk sun ratsa makaranta ɗaya, Kwalejin Katsina wadda ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya ta zama Barewa. Abin da ya raba muryoyinsu shi ne inda kowa ya nufa daga nan. Murtala Ramat Muhammad makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila ya tafi, ya ƙware a sashen sadarwa na soja, inda ake koya wa mutum ya faɗi saƙo a taƙaice ya sauka daga layi.

Jawabinsa na farko, ranar 30 ga Yulin 1975, shi ne shela a cikakkiyar siffarta. A zama ɗaya ya yi wa manyan hafsoshi ritaya, ya sauke dukkan gwamnoni, ya soke ƙidayar 1973 da ake ta rigima a kanta ya ce a ci gaba da amfani da ta 1963, ya ɗage bikin al'adun baƙar fata da ake shirin yi a Legas. Murya a tsaye, da ƙarfi, ba kwana-kwana, hukunci na bin hukunci. Kalmar “nan take” ta zama tambarin mulkinsa, har yara suka riƙa kwaikwayonta. Ranar 1 ga Oktoba ya yanka ranar miƙa mulki ga farar hula, 1 ga Oktoban 1979. Ranar 3 ga Fabrairun 1976, a jawabi ɗaya, ya mai da jihohi 19 ya kuma sanar da ɗauke babban birni daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa.

Ƙololuwar wannan salon a Addis Ababa aka gan ta, ranar 11 ga Janairun 1976, a taron gaggawa kan Angola. Shugaban Amurka Gerald Ford ya aiko wa shugabannin Afirka da wasiƙa yana nuna musu matsayin da yake so su ɗauka. Murtala ya tsaya ya ce Afirka ta girma ta mallaki hankalin kanta, ba ta karɓar umarni daga wata ƙasa komai ƙarfinta. A irin wannan wuri tsawa ce ta dace, domin wanda ake yi wa ita ya fi mai yin ta ƙarfi. Har yau in aka saka wannan jawabin sai tsikar jikin mutum ta tashi.

A cikin gida kuwa, waɗanda “nan take” ta faɗa wa ba su fi shi ƙarfi ba. Ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 aka sallama cikin 'yan watanni, daga alƙalai da manyan sakatarori har masinjoji. Da yawa a rediyo ko a jarida suka fara jin sunansu, ba a kira su an ji ta bakinsu ba. A cikinsu akwai ɓarayi na gaske, akwai kuma waɗanda ƙiyayyar ofis ce kawai ta ci su. Masu nazarin aikin gwamnati da dama suna ganin daga lokacin ne ma'aikaci ya daina yarda cewa kujerarsa za ta kai shi fansho, ya fara tanadin kansa tun yana kai, wato cutar da aka zo kashewa ta samu sabon taki.

An kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, bayan kimanin kwana 200 a kan mulki. Wanda ya jagoranci kisan, Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka, ya ruga gidan rediyo ya bi tsarin da aka saba, har a cikin ruɗewa ya sa dokar hana fita daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma. Murtala bai rayu ya ga lissafin gaggawarsa ba, mutuwar shahada kuma ta rufe bakin masu suka. Abin da ya rage a ƙwaƙwalwarmu muryar ce. Tun daga lokacin, in ƙasa ta rikice, abin da ake ji a majalisun hira shi ne muna bukatar wani Murtala, ana nufin mai faɗa da ƙarfi a aikata kafin a tambaya.

Sojan da ya ari muryar malami

Alhaji Shehu Shagari, Shugaban Ƙasa mai cikakken iko na farko, ya hau ranar 1 ga Oktoban 1979 da muryar malamin da ya koyar a Midil ta Sakkwato ya yi hedimasta a Argungu. Murya ce mai taushi da kunya, ta mutumin da ya fi son sulhu da fito-na-fito. Kunnen da ya ɗanɗani Murtala sai ya ji ta ba gishiri. Da farashin man fetur ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, taushin ya zama abin zargi, aka ce na ƙasa da shi sun fi ƙarfinsa. Ranar 31 ga Disambar 1983 kiɗan ya dawo, Birgediya Sani Abacha ya karanta shela, ya ce asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai ba magani. Washegari Manjo-Janar Muhammadu Buhari ya yi nasa jawabin da busasshiyar murya, ba murmushi, ya ce 'yan Najeriya ba su da wata ƙasa sai wannan. Doka ta 4 ta 1984, wadda ta kai 'yan jaridar Guardian biyu kurkuku, ta nuna matsayin tambaya a wannan mulki.

Janar Ibrahim Babangida ne ya zo da abin da ba a saba gani ba. Shi ne soja na farko da ya kira kansa Shugaban Ƙasa, daga 27 ga Agustan 1985, kuma ya zo da fara'a, da murya mai laushi, da iya kiran mutum da sunansa. Ya soke Doka ta 4 a jawabinsa na farko. Ya ce wa ƙasa ta yi muhawara kan ko a karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka yi wata da watanni ana tafkawa a jaridu da jami'o'i da ƙungiyoyin ƙwadago, a watan Disamba ya sanar cewa an bi ra'ayin jama'a, ba za a karɓa ba. A 1986 sai ga shirin gyaran tattalin arziki ɗauke da kusan dukkan sharuɗɗan da aka ce an ƙi, har da karya darajar naira. Ranar miƙa mulki ta tashi daga 1990 zuwa 1992, ta koma Janairun 1993, ta sake komawa Agusta, kowane ɗagi da kyakkyawan jawabinsa. 'Yan jarida suka sa masa Maradona. Soke zaɓen 12 ga Yuni da wata takarda marar sa hannu aka fara sanar da shi ranar 23 ga watan, sai ranar 26 shugaban ya fito ya kawo dalilai.

Ɓarnar da wannan zamani ya yi wa muryar bayani ta fi ta masu tsawa. Mai tsawa ya hana ka tambaya, amma ka san inda ya tsaya. Wanda ya gayyace ka muhawara alhali an gama yanke hukunci, ya koya maka cewa daɗin baki tarko ne. Bayan 1993 duk shugaban da ya zauna zai yi wa 'yan Najeriya dogon bayani, da zargi ake fara saurarensa.

A tsakiyar wannan zamanin ne kuma aka ji iyakar inda shela za ta iya kaiwa. Ranar 22 ga Afrilun 1990 Manjo Gideon Orkar ya kama gidan rediyo a Legas ya ce ya cire jihohin Sakkwato, Borno, Katsina, Kano da Bauchi daga Najeriya, miliyoyin mutane a jimla ɗaya. Yunƙurin bai wuce yini ba. Abacha, da nasa lokacin ya zo, a jawabin 18 ga Nuwamban 1993 ya rushe majalisu da gwamnoni da ƙananan hukumomi da jam'iyyun biyu, sannan ya shige bayan baƙin tabarau. Ba kasafai ake jin sa ba sai a rubutaccen jawabi, shirun nasa ma tsoro yake bayarwa.

Bayan soja ya tafi

Cif Olusegun Obasanjo ya dawo a 1999 cikin babbar riga, ya kuma kawo zaman amsa tambayoyin 'yan jarida a talabijin, abin da ya cancanci yabo. Mai karin magana ne da barkwanci, amma in tambaya ta ɓata masa rai sai janar ya leƙo daga cikin rigar. Ranar 18 ga Mayun 2004 ta jawabin rediyo da talabijin ya sa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da zaɓaɓɓen gwamna da majalisar jihar, ya naɗa tsohon janar ya riƙe.

Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya koyar da ilimin sinadarai a Zariya da Katsina, shi ya dawo da muryar aji. Ranar 29 ga Mayun 2007, a jawabin rantsuwa, ya faɗi abin da ba a taɓa jin shugaba ya faɗa a irin wannan rana ba, cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Bai tsaya a faɗa ba, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais kan gyaran zaɓe. Ladan da ya samu a jaridu shi ne laƙabin Baba Gosulo. Sai kuma ƙaddara ta sa muryarsa ta shiga tarihi ta wata hanya. Ya tafi jinya Jidda ranar 23 ga Nuwamban 2009 ba tare da ya rubuta wa majalisa ba, aka yi kusan kwana 50 ba a ji ɗuriyarsa ba. Ranar 12 ga Janairun 2010 BBC ta saka gajeriyar hira da shi ta waya, murya a raunane, yana cewa yana samun sauƙi. Ranar 9 ga Fabrairu majalisar tarayya ta ɗauki wannan hirar a madadin wasiƙar da bai rubuta ba, ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaba. 'Yan jimloli ta wayar tarho suka tsaya a matsayin takardar tsarin mulki.

Jonathan ma malami ne, mai sanyin magana, amma kujerar ta riga ta saba da shela. Ranar 1 ga Janairun 2012, mutane na ƙauyukansu hutun sabuwar shekara, wata hukuma ta fitar da sanarwar cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Shugaban bai yi wa ƙasa jawabi ba sai bayan kusan mako guda, lokacin tituna sun riga sun cika. Ranar 16 ga watan aka dawo da farashin naira 97. Marigayi Buhari a zuwansa na biyu ya buɗe da jimlar da kowa ya haddace, cewa shi na kowa ne kuma ba na kowa ba ne, daga nan sai magana ta yi ƙaranci. An sanar da sauya fasalin naira a watan Oktoban 2022, 'yan kasuwar ƙauye da marasa asusun banki suka shiga uku, amma jawabinsa na musamman kan batun sai ranar 16 ga Fabrairun 2023.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a Dandalin Eagle da ke Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Shi da kansa ya faɗa daga baya, a birnin Faris, cewa wannan jimlar ba ta cikin takardar da aka rubuta masa. Kafin dare gidajen mai sun fara rufewa, cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 488 a Legas da 537 a Abuja. Manyan 'yan takara uku na zaɓen duk sun yi alƙawarin cire tallafin, kasafin kuɗin shekarar ma bai tanade shi ba bayan watan Yuni, saboda haka mai goyon bayan cirewar da mai adawa da ita za su iya haɗuwa a kan abu ɗaya: hukuncin ya riga bayaninsa isowa. Cikakken jawabin da ya zayyana dalilai da matakan rage raɗaɗi sai ranar 31 ga Yuli aka yi shi, bayan wata biyu. Magana zarar bunu ce, ta shugaba kuwa in ta fita da rufin gidajen mutane take tafiya.

Abin da ke tsallake fassara

Masu kare shela sukan ce lokacin gaggawa ba ya jiran darasi. Tarihin wata ƙasa mai tsarin shugaban ƙasa, wadda daga gare ta muka kwafo namu a 1979, ya nuna ana iya haɗa biyun. Franklin Roosevelt ya hau mulkin Amurka ranar 4 ga Maris 1933, mutane na rububin kwashe kuɗinsu daga bankuna. Bayan kwana biyu ya rufe dukkan bankunan ƙasar, matakin da ko soja sai haka. Amma daren Lahadi 12 ga watan, kafin a sake buɗewa, ya zauna gaban makirfon ya yi ƙasa da minti 15 yana bayyana wa mutane, da kalmomin da manomi zai gane, abin da banki ke yi da kuɗin da aka ajiye, da abin da ya sa aka rufe, da waɗanda za a buɗe gobe da waɗanda sai jibi. Da aka buɗe, kuɗin da aka mayar ya fi wanda aka cire. Hukuncin na gaggawa ne, amma an ɗauki mai sauraro a matsayin baligi mai hankali wanda za a iya gamsarwa.

Mu a nan akwai ƙarin wani shamaki. Duk jawaban da muka ambata da Ingilishi aka yi su, kuma shugaban da ya kauce wa haka yakan sha suka, kamar yadda aka yi wa Buhari a 2017 da ya aiko da gaisuwar Sallah da Hausa daga Landan. Saboda haka akasarin masu jin Hausa, tun daga buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957 da Rediyon Kaduna a 1962, ta bakin mai fassara suke jin shugabansu. Ana sakin muryarsa ta daƙiƙa kaɗan, sai a rage ta, wani ya ɗora. Zinariyar muryar Ɓalewa ba ta tsallake wannan gada, haka tsawar Murtala da murmushin Babangida. Abin da ke isa kunnen mai sauraro a Gumel ko Illela shi ne tsurar abin da aka faɗa: an yanke kaza, sannan in akwai dalili a ji shi, in babu a ji shiru.

Wannan shamakin yana da amfaninsa, domin ya bar mana ma'aunin da ado ba ya ruɗa shi. In shugaba ya yi jawabi, ko mai neman kujerar ya hau dandamali, muna iya sauraron ko ya faɗi abin da ya sa, da wanda zai ɗauki nauyin, da ranar da za a fara ganin sakamako, da ko maganar ta zo kafin hukuncin ko bayansa. Muna iya lura da ko zai zauna a yi masa tambayar da bai shirya mata ba, da ko abin da ya bayyana shi ne abin da aka aikata daga baya, tunda zamanin Babangida ya nuna bayani ma ana iya yin wasa da shi. Mai jefa ƙuri'a da ke tafa wa wanda ya fi kowa tsawa yana da 'yancinsa, sai dai ya tuna cewa ma'aikata 10,000 na 1975 ma a rediyo suka ji tasu tsawar.